Helikwaftan manya: jirgi ne na musamman, ko soja ne ya sa babbar riga?

Baban Ummi
Assalamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya muna kallon labarai aka nuno shugaban Amurka yana saukowa daga koren helikwaftan nan mai farin kai, sai Ummi ta ce wai Baba nawa ake sayar da irinsa. Na ɗauki waya in nemo mata amsa, ƙarshe ita ta yi barci, ni na kai ƙarfe ɗaya ina karatu. A Janairun 2005 aka ba Lockheed Martin da AgustaWestland kwangilar sababbin jirage 28 a kan dala biliyan shida da 'yan kai. Kafin 2009 lissafi ya kai biliyan 13, aka soke aikin bayan an riga an narkar da fiye da biliyan uku. Guda tara da aka ƙera aka sayar wa Kanada a kan dala miliyan 164, don ta riƙa cire kayan gyara a jikinsu. Aka sake sabon lale a 2014 da kamfanin Sikorsky, kuma sabon jirgin bai ɗauki shugaban ƙasa ba sai a Agustan 2024. Jama'a, ƙasar da ta kai mutum duniyar wata, sa kujeru da kafet a cikin helikwafta ne zai ci mata kusan shekara ashirin? Ko su ma can akwai 'yan a-ba-ni-kasona?

Auta
Wa alaikumus salam Yaya. Kwangila ai ko a ina sunanta kwangila 😂 Ni dai tausayina ga Ummi, ta yi tambaya ɗaya an bar ta da barci babu amsa.

Kawu Injiniya
Auta, ka bar zancen nan. Abin da ya kashe wancan aiki sunansa nauyi.

Baban Ummi, fara da wannan: jirgin da aka zaɓa a 2005, wanda suka raɗa wa VH-71, ba don shugaba aka haife shi ba. EH101 ne, na Ingila da Italiya, an ƙera shi don farautar jiragen ƙarƙashin teku, ya fara tashi a 1987. Tsohon jirgin shugaban da ake so a sauya ma, VH-3D, ɗan gidan Sea King ne, shi ma mafaraucin jiragen ƙarƙashin ruwa. Ƙaraminsu, VH-60N, Black Hawk ne da aka yi wa wanka. Duk sojoji ne suka sa babbar riga.

To bayan harin 11 ga Satumba 2001 sai aka ce ana so shugaba ya iya mulkin ƙasa daga cikin jirgin: sadarwar sirri har da ta bidiyo, sulke, na'urorin kauce wa makami mai linzami, kariyar wayoyin lantarki daga bugun makamin nukiliya, ga kicin, ga makewayi, kuma a ƙara masa nisan tafiya. Bayan an sa hannu a kwangila ma ba a daina ƙari ba. A mota in ka yi lodi ya wuce kima, taya ce za ta kwanta ka ja a hankali. A helikwafta kowane kilo sai farfela ta ɗaga shi daga tsaye. Ka ƙara nauyi, kana buƙatar inji mai ƙarfi. Ka ƙara inji, giyabos ba zai ɗauka ba, sai sabo. Ka tsawaita fikafikan farfela, za su taɓa ta wutsiya, sai ka tsawaita wutsiyar. Inji mai ƙarfi ya fi shan mai, man kuma nauyi ne, ka dawo inda ka fara. Zubi na biyu na VH-71 abin da ya zo da shi ke nan: sabon inji, sabon giyabos, sababbin fikafikai, doguwar wutsiya. An je sayen riga a kanti an ɓuge da noman auduga. Raba biliyan 13 gida 28 ka gani, kowane ɗaya ya haura dala miliyan 460.

Baban Ummi
Allah ya ƙara lafiya Kawu. To na biyun fa? Na ga an rubuta wai har ciyawar fadar White House yake ƙonawa.

Kawu Injiniya
Haka ne. A karo na biyu sun yi hankali, suka ce a ɗauki S-92 yadda hukumar jiragen farar hula ta amince da shi, kada a taɓa inji da giyabos, a shigar da kayan shugaba cikin nauyin da jirgin ke iya ɗauka. Guda 23 aka yi, VH-92A. Amma zafin da ke fitowa daga salansa yana gasa ciyawar da ake sauka a kai, ga na'urorin sadarwar sun daɗe ba su zauna daidai ba. Shi ya sa da Biden ya fara hawansa, a Chicago ne, ba a farfajiyar fadar ba.

Ɗan Damagaram
Ku yi ta fama da tsadar Turawan Yamma. Mu nan wajenmu in an ce helikwaftan soja, Mi-17 ake nufi, kuma wallahi babu jakin da ya kai shi. Tun 1961 kakansa Mi-8 ya fara tashi, har gobe ana ƙera zuriyarsa a Kazan da Ulan-Ude, an yi fiye da dubu goma sha biyu. Soja 24 da kayansu, ko kaya tan huɗu. Ƙofar baya ta buɗe biyu kamar ƙwarya, ka tura ƙaramar mota ciki. Yana kwana a waje cikin rana da ƙura, da safe a tada shi ya tashi. Black Hawk ɗin naku soja nawa yake ɗauka? Goma sha ɗaya. Amurka da kanta, da za ta ba sojin Afganistan jirage, kuɗi ta ɗauka ta kai wa Rasha ta sayo Mi-17. Gani ya kori ji.

Kuma abin da zai ba ku dariya, labarin Mi-8 ma da jirgin shugaba ya haɗu. Shugaban Tarayyar Sobiyet Khrushchev ya je Amurka a 1959 aka ɗauke shi a helikwaftan shugaba Eisenhower, abin ya burge shi, ya dawo gida ya ce shi ma yana son irinsa. Mikhail Mil, mai zana musu helikwaftoci, ya samu ƙofa, ya ce ai shugaba bai kamata ya hau mai inji ɗaya ba, a ba shi kuɗi ya yi mai biyu. Samfurin farko na Mi-8 inji ɗaya gare shi, mai biyun ya tashi a 1962.

Tsohon Soja
Ɗan Damagaram, na hau Mi-17 ba sau ɗaya ba, ba zan raina shi ba. Amma kwatanta kujeru 24 da 11 kamar kwatanta bas da motar sulke ne. Ka tambayi me aka ce wa masu ƙera Black Hawk su yi.

Amurka ta fito daga Biyetnam bayan ta yi asarar dubban helikwaftoci ƙirar Huey. A 1972 da rundunar ƙasa ta fitar da sharuɗɗan magajinsa, tambayarta ita ce: in an harbe shi, ko ya faɗo, mutum nawa za su fita da ƙafarsu? Daga nan aka samu tankin mai da ke toshe kansa in harsashi ya huda shi, kujeru masu nutsewa ƙasa su shanye bugu kafin ya kai ga ƙashin bayan soja, ƙafafun sauka masu shan duka, injuna biyu da aka raba su nesa da juna don harbi ɗaya kada ya kashe duka, da giyabos da zai ci gaba da juyi minti 30 ko da mai ya tsiyaye. Soja 11 kuma ba kuskure ba ne, adadin ƙaramin rukunin sojan ƙasa ne na lokacin, a kwashe su tare a sauke su tare. Har siffarsa ta kwanciya ƙasa-ƙasa kamar kada, dalili gare ta: an ce dole ya shiga cikin jirgin dakon kaya C-130. Sikorsky ta tashi samfurinta a Oktoban 1974, ta kayar da na Boeing Vertol a Disamban 1976, ya shiga aiki a 1979.

Rasha ta ce a yi mai yawa, mai araha, mai ɗaukar komai. Amurka ta ce a yi wanda zai dawo da yaranta. Kowa da abin da ya dame shi.

Ɗan Damagaram
Yallaɓai, da girmanka, amma a Mogadishu a Oktoban 1993 guda biyu aka kakkaɓo da rokar kafaɗa wadda kuɗinta bai kai na taya ɗaya ba.

Tsohon Soja
An kakkaɓo, babu musu. Babu helikwaftan da zai sha roka a wutsiya ya ci gaba da shawagi, na Rasha ma an kakkaɓo su bila adadin a Afganistan. Amma a ranar nan akwai wasu Black Hawk da suka sha roka suka lallaɓa suka koma sansani, kuma cikin waɗanda suka faɗo an fitar da masu rai. Abin da aka biya kuɗinsa ke nan.

Maman Sadik
Salamu alaikum, ku yi haƙuri in tsoma baki. Kawu, akwai gyara kaɗan a maganarka ta cewa duk sojoji ne suka sa babbar riga. S-76 na Sikorsky da ya tashi a 1977, tun daga takarda don ma'aikatan rijiyoyin mai da manyan 'yan kasuwa aka zana shi. AW139 ma haka, ya tashi a 2001 a matsayin na farar hula, Agusta da Bell suka fara shi tare kafin Bell ta janye a 2005. Yanzu shi ne ya juya ya sa kaki: sojin saman Amurka sun zaɓe shi a 2018, suna kiransa MH-139, yana gadin filayen makaman nukiliyarsu. Wato wani lokacin ɗan kasuwa ne ya shiga soja.

Na biyu, don masu bin zaren da ba su san me ya sa Kawu yake ta ambaton giyabos ba. Haka nake gaya wa ɗalibaina a ajin fiziks: injin Black Hawk yana fitar da juyi kusan 20,900 a minti ɗaya, babbar farfela kuwa 258 take so. Wani abu ne zai rage wannan gudu kusan ninki 80, ya haɗa ƙarfin injuna biyu wuri ɗaya, ya karkatar da shi sama, ya aika wani kaso zuwa wutsiya, kuma duk nauyin jirgin a wuyansa yake rataye. Inji biyu ne, famfon haidrolik biyu ko uku, janareto biyu, matuƙa biyu. Giyabos ɗaya tak. Ba shi da mataimaki.

Kawu Injiniya
Na karɓi gyara, Malama. Sai dai in ce soja ko lebura. S-92 ɗin shugaban Amurka ma ai asalin aikinsa jigilar mutum 19 ne zuwa rijiyoyin mai a teku. Abin da nake nufi, ba a ƙera jirgi daga tushe don mutum ɗaya, kasuwar ba ta kai ba. A ɗauko wanda ya sha wuya a wani aiki a yi masa ado.

Tunda kin taɓo giyabos, bari in ba ku abin da ya faru ranar 12 ga Maris 2009 a gaɓar Newfoundland ta Kanada, don duk wanda ya yi aikin nan ya san shi. S-92 ne, mutum 18 a ciki, suna kan hanyar rijiyar mai. A jikin giyabos akwai kwanon filtar mai, ƙusoshi uku na titaniyom ke riƙe da shi. Biyu suka karye. Mai ya tsiyaye kaf. Agogon matsin mai ya faɗi, amma agogon zafi bai tashi ba, saboda shi zafin man yake aunawa, man kuwa babu. Matuƙan suka ga zafi daidai, suka zaci famfo ne ko na'urar awon ta samu matsala, suka juya suka nufi tudu maimakon su sauka a kan ruwan sanyi nan take kamar yadda littafi ya ce. Bayan kamar minti 11 haƙoran da ke juya farfelar wutsiya suka cinye. Mutum ɗaya ya tsira, 17 suka rasu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Ƙa'idar hukuma ta ce giyabos ya yi minti 30 ba mai. A gwajin da aka yi kafin ba shi takardar amincewa, bai kai ba, wajen minti goma sha ɗaya ya lalace. Amma a cikin ƙa'idar akwai ƙofa: sai dai in tsiyayewar man abu ne mai matuƙar wuyar aukuwa. Ta wannan ƙofa aka bi. Bayan hatsarin aka tilasta sauya ƙusoshin da na baƙin ƙarfe, daga baya aka sake fasalin kwanon gaba ɗaya. Ƙusa uku, ba su kai tsawon yatsa ba.

Auta
Innalillahi. Kawu to kuma irin wannan jirgin aka ba shugaban ƙasa bayan shekara biyar?

Kawu Injiniya
Shi fa. Kuma ni a ganina daidai suka yi. Jirgin da aka gano inda yake ciwo aka yi masa magani, ya tara sa'o'i masu yawa a kan teku cikin iska da ƙanƙara, ya fi sabon da ba wanda ya san ɓoyayyen aibinsa. Talakan rijiyar mai ne ya gwada wa shugaba jirginsa, wasu da ransu.

Ɗan Damagaram
To ka ga. Na Faransa fa da suke cika mana baki? Ba shi ne farfela ta rabu da jirgi a Norway ba?

Kawu Injiniya
Shi ne, EC225, ɗan gidan Puma, ranar 29 ga Afrilun 2016 kusa da tsibirin Turøy, mutum 13. Akwai wanda ya ɗauki bidiyon farfelar tana juyi ita kaɗai a sama bayan gangar jikin ta faɗi. Ɗaya daga cikin ƙananan giyoyi takwas na hawa na biyu a cikin giyabos ne ya tsage. Shekara bakwai kafin nan, 1 ga Afrilun 2009, ɗan'uwansa AS332 L2 ya yi irin haka a gaɓar Sukotlan, mutum 16.

Ka san yadda muke kama irin wannan ciwo? A gindin giyabos akwai wani ɗan toshi mai maganaɗisu. Ka kwance shi, ka goga a farar takarda, ka ɗauko gilashin ƙara girma. In ka ga laushin baƙin gari kamar kwalli, wannan cin yau da kullum ne. In ka ga ɗan ɓarɓashi mai ƙyalli kamar ɓawon kifi, ko guda ɗaya ne, jirgi ya kwana a rumfa. Na taɓa tsayar da jirgi a kan ɓarɓashi ɗaya da bai kai ƙwayar gero ba, ana jiran a kwashi wani babba da tawagarsa. Manajanmu ya kira ni sau huɗu, na ƙarshe ya ce in tuna ina da iyali. Na ce shi ya sa. Aka nemo musu wani jirgin, aka yi wata guda ba a amsa gaisuwata. To abin tsoro a na Norway, tsagewar ta bi ta ƙarƙashin fatar ƙarfen, ba ta zubar da ɓarɓashin da zai isa a gani ba.

Amma kada wannan ya sa a zubar da gidan Puma. Tun Afrilun 1965 SA 330 ya tashi, Ingila ta shiga aikin da yarjejeniyar 1967, Romaniya ta ƙera nata, Afirka ta Kudu ta fitar da Oryx daga jikinsa lokacin da take cikin takunkumi. Super Puma ya biyo a 1978. Sojin saman Nijeriya ma sun yi aiki da shi shekara da shekaru.

Tsohon Soja
Kuma Ɗan Damagaram, jakin naka ma yana da igiya a wuya. Injin TV3-117 da ke cikin Mi-17, shekaru da yawa a Zaporizhzhia ta Yukren ake ƙera shi, a kamfanin Motor Sich. Da aka ɓata a 2014 sai da Rasha ta koma neman yadda za ta yi nata a gida. Yau duk ƙasar da ke da Mi-17 ta san wahalar kai shi babban gyara, ga takunkumi ga yaƙi. Jirgi mai araha ranar saye ba lallai ya zama mai araha a shekara ta goma ba.

Ɗan Damagaram
Wannan kam gaskiya ne, ba na ja. Amma na Turai da aka ce ya fi kowa zamani fa, NH90? Jikin roba mai ƙarfi, tuƙi ta waya ba sanda da igiya ba, ya tashi tun 1995. Norway ta soke kwangila a 2022 ta ce a maido mata kuɗinta, saboda jiragen sun fi daɗewa a gareji. Ostareliya ta ajiye nata a 2023 ta koma ta sayi Black Hawk, zanen 1974. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Maman Sadik
Ai ciwon NH90 ɗan'uwan na VH-71 ne. Ƙasashe huɗu suka fara shi, Faransa, Jamus, Italiya da Holan, sannan kowane mai saye ya zo da nasa son rai, wannan a ɗaga masa rufi, wancan a sauya masa na'ura. Aka wayi gari suna ɗaya, jirage iri-iri har fiye da ashirin, kayan gyaran wannan ba lallai su shiga wancan ba.

Baban Ummi
Ni fa yanzu tsoro ya kama ni. To in haka ne me ya sa muke yawan jin manya sun mutu a helikwafta? Duk giyabos ɗin ne?

Ɗan Zango
Gaisuwa daga Kumasi. Tambayar da ke raina ke nan, don mu har yanzu ba mu warke daga 6 ga Agustan 2025 ba, ranar da helikwaftan Z-9 na sojan Ghana ya faɗi da mutum takwas a hanyar Obuasi, har da ministan tsaro Omane Boamah da Alhaji Ibrahim Murtala Muhammed. Allah ya jiƙan musulmin ciki, ya ba iyalai haƙuri.

Kawu Injiniya
Amin ya Allah. Baban Ummi, a'a. Na manya yawanci ba ƙarfe ne ke cin amana ba. Ku duba: John Garang, jagoran Kudancin Sudan, Yulin 2005, Mi-172 na shugaban Yuganda, da dare cikin mummunan yanayi. Janar Bipin Rawat na Indiya, Disamban 2021, Mi-17V-5, ya shiga gajimare a tsaunuka matuƙi ya rasa sama da ƙasa. Kobe Bryant, ɗan wasan ƙwallon kwando na Amurka, Janairun 2020, S-76, gajimare. Shugaba Raisi na Iran, 19 ga Mayun 2024, Bell 212, hazo a kan duwatsu. Na Rasha, na Amurka, tsoho, sabo, duk hanya ɗaya.

Abin da ba a rubutawa a jikin jirgi shi ne wa zai iya cewa babba "ba za mu tashi ba". Na tsaya a fili da tsakar rana, zafi ya haura 40, takarda ta ce fasinja takwas, aka zo da goma sha biyu, har da mai riƙe jaka da mai ɗaukar hoto. Iska mai zafi sirara ce, farfela ba ta samun abin kamawa, inji ma numfashinsa ya ragu. Jirgin da ya ɗaga mutum goma sha biyu da asuba ba zai ɗaga su da azahar ba. Matuƙin, wani dattijo mai sanyin magana, ya ce ko a rage mutum huɗu ko a rage mai a tsaya a hanya. Aka yi ta yallaɓai-yallaɓai, ya cire hular kunnensa ya ɗora a cinya ya naɗe hannu. Sai da huɗu suka koma mota. Yaro sabon ɗauka mai neman a tabbatar masa da aiki ba zai iya wannan ba.

Akwai wani sharaɗi na Black Hawk da Tsohon Soja bai faɗa ba, bari in cika masa: an ce sai ya nuna ƙarfinsa a tudu mai ƙafa 4,000 cikin zafin digiri 35. Sun koyi darasi a Biyetnam.

Tsohon Soja
Ka cika daidai. Ƙara da ƙura. Abin da ya faru a Kabba ranar 2 ga Fabrairun 2019 da mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Osinbajo, ke nan. AW139 ne, lafiyarsa ƙalau, ya zo sauka a busasshen fili, iskar farfela ta tada ƙura ta rufe su ruf, matuƙi ya daina ganin ƙasa, jirgi ya bugi ƙasa ya kwanta a gefe. Kowa ya fito da rai. A nan ne za ka gode wa wanda ya zana kujeru da tankin da bai fashe ya kama wuta ba. Mu a daji kafin jirgi ya zo, in da hali, tankar ruwa muke sawa ta jiƙa wurin. Masu shirya taron siyasa su canopy da kujerun roba ne a gabansu.

Auta
Yallaɓai ka ce rumfa, kada Malama ta cire maka maki 😄 Amma tambaya ta gaskiya: ta yaya zan bambance Mi-8 da Mi-17 in na gani a hoto? Ni duk ɗaya nake ganinsu.

Ɗan Damagaram
Dubi wutsiya, ƙanena. In kana bayansa kana kallon inda ya dosa, farfelar wutsiyar Mi-8 na asali tana dama, ta Mi-17 tana hagu. Sannan a bakin injunan Mi-17 za ka ga wasu murafai biyu masu kama da faifai, na tace ƙura ne. Sai dai su Rashawa a gida ba sa cewa Mi-17, Mi-8MT suke kiransa, wancan sunan na kasuwar waje ne.

Maman Sadik
Ƙarin wani abu da ke ba ɗalibaina mamaki: in ka leƙo daga sama, babbar farfelar jiragen Rasha da na Faransa tana bin hannun agogo, ta Amurka tana saɓa masa. Gangar jirgi kullum so take ta juya kishiyar farfela, matuƙi ke hana ta da feda. Don haka wanda ya saba da Black Hawk, in ya ƙara wuta ƙafar hagu yake takawa, in ya koma Mi-17 ko Puma sai dama. Ƙasar da ta tara jirage daga ko'ina, ba kayan gyara kaɗai ta rarraba ba, har ƙafafun matuƙanta.

Baban Ummi
To Kawu, a taƙaice dai ba a ci kuɗi a harkar jiragen manya ke nan? Don Auta ya janye maganarsa.

Kawu Injiniya
Ban ce haka ba fa. Na ce na Amurka nauyi ne ya kashe shi. Na Indiya daban. A 2010 sun sa hannu kan AW101 guda 12 don manyansu, irin jirgin da Amurka ta soke. Daga baya aka gano cewa tun farko sharaɗin ya ce jirgi ya iya kai mita 6,000 sama, saboda tsaunukan Himalaya, sai aka sassauto shi zuwa 4,500, wanda hakan ya ba AW101 damar shiga takara. Zargin cin hanci ya tashi a Italiya da Indiya, aka soke kwangilar a Janairun 2014 bayan an kawo uku. Kotun Italiya daga ƙarshe ta wanke shugabannin kamfanin, a Indiya kuwa shari'a ta yi ta jan ƙafa. Manyan Indiya suka ci gaba da hawan Mi-17.

Ɗan Damagaram
Ka ji ko! Maimaita layin ƙarshen nan da ƙarfi, Kawu, Yallaɓai bai ji ba.

Tsohon Soja
Na ji sarai. Ka koma sama ka karanta wane jirgi Janar Rawat ya hau.

Auta
Ni ban janye komai ba, rabin maki gare ni. Yaya, in Ummi ta tashi ka ce mata 23 a kan wajen dala biliyan biyar, ta raba da kanta, aikin gida ne daga Malama.

Baban Ummi
Ta raba tun ɗazu, ta ce ya haura miliyan 200 kowane ɗaya, kuma wai a tambayi Kawu ko maganaɗisun nan na gindin giyabos irin na jikin ƙofar firij ne.

Kawu Injiniya
Ka ce mata kusan haka, sai dai ya fi ƙarfi, kuma na zamani yana da waya: in ɓarɓashi ya haɗa bakin ƙarafa biyun da ke kansa, fitila ta kama a gaban matuƙi. In kun zo Kaduna da hutu ku biyo, akwai wani tsoho da na ajiye a durowa, ta gwada shi da allura. An kira la'asar a nan.